Jarkoki Huɗu na Kawu A-wang

Sunansa na takarda Tu Huo-wang, amma a ƙauyenmu Tiaukang ban taɓa jin wanda ya kira shi haka ba sai mai kawo wasiƙa. Kawu A-wang kowa ke cewa. Gajere ne, rana ta gasa shi ya yi baƙi, ƙafafunsa a ɗan gwame, bakinsa kullum ja saboda goron nan namu da yake taunawa. Tafkunan kifi biyu gare shi a bayan madatsar teku, gadon ubansa, kamar yadda kusan kowane gida yake da nasa a wannan gaɓa ta kudancin Taiwan. A bakinsu ya girma, a bakinsu ya tsufa. Makaranta aji shida ya yi ya bari.

Ni ce Li-chu, mai faten shinkafa da kifi a gindin gada. Ya fi shekara ashirin yana karyawa a shagona. Ƙarfe shida da rabi zai jingine babur, ya zauna a kujerar da ke kusa da tukunya, ya juya cokali a kwano sau biyu, ya ɗago kai.

"Ke Li-chu, yau kifin ya shiga tukunyar kuwa, ko leƙawa ya yi ya wuce?"

"Haba Kawu, wa ya sayar min da su? Ka ba su abinci su yi nama mana."

Sai ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in ƙara masa citta.

Matarsa ta rasu shekara bakwai kafin abin da zan faɗa. 'Yarsu guda ɗaya, Pei-chun, tana aiki a birnin Taichung. Ita ce ta ga shirun gidan ya yi masa yawa ta saya masa waya, ta zauna kwana biyu tana koya masa. Da yatsa ɗaya yake rubutu, harshensa a waje kamar mai ɗinki. Ni kuma lokacin na buɗe wani zaure a waya don masu sayen abincina su riƙa faɗa min kwano nawa zan ajiye musu. Kafin shekara ta zagayo zauren ya fi ƙarfina. Mutum ɗari uku da wani abu, direbobi da masu tafki da matan kasuwa, da 'ya'yan ƙauyen da suka koma birni. A nan ake jin hanyar da aka rufe, da wanda ya haihu, da wanda karensa ya ɓace. A nan kuma ake faɗa a kan siyasa har sai na tsawata.

Kawu A-wang shi ne sarkin maganar mai. Duk ranar Lahadi da rana ake sanar da farashin mako mai zuwa, kuma kafin kowa ya gani shi ya rubuta. "Gobe dizal zai tashi. Wanda bai cika tankinsa yau ba kada ya zo min da kuka." In ya ji wani gidan mai a garin gaba yana ɗan rangwame, sai ya ɗora jarkoki a ƙaramar motarsa ya tafi. Akwai wani direban babbar mota, Chun-hung, da ba ya barinsa ya huta.

"Kawu, man da ka ƙone zuwa can ai ya fi wanda ka rage."

"Kai dai ja motarka. Babbar mota, ƙaramin kai."

Haka suke yi kullum, mutane suna dariya. Kowa ya ɗauke shi mai maƙon mai, shi ma yana jin daɗin sunan.

Amma wannan mutumin ne duk wata yake kai Baba Yeh asibiti a motarsa, bai taɓa yarda an zuba masa ko lita ɗaya ba. Baba Yeh shekararsa tamanin da uku, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Gidansu bene ne, amma tun da ciwon ya same shi aka sauko da gadonsa ƙasa, don ba ya iya hawa matakala. Daga shi sai matarsa Goggo Kim-ki, ɗansu yana birnin Kaohsiung. Kawu A-wang ne ke goya tsohon daga gado zuwa mota, ya goyo shi ya dawo da shi. Ya san gidan nan kamar nasa.

Guguwar ta zo a watan takwas. Mu ba baƙinta ba ne. Ƙasarmu ta daɗe tana nitsewa, in teku ta cika sai ka ga ruwan magudana ya fi titi tsawo. Kowa ya san abin yi: a sa ƙarfen tare ruwa a bakin ƙofa, a jera buhunan yashi, a kai babur kan gada, a hau da firji sama. Iskar ma ba ta yi mana wata ɓarna ba, ta kakkarya rassa ta wuce. Ruwan saman da ta jawo a bayanta ne ya ƙi tsayawa. Da gari ya waye wuta ta ɗauke.

Wanda bai yi kiwon kifi ba ba zai gane abin da ɗaukewar wuta take nufi ba. In farfelolin da ke kaɗa ruwan tafki suka tsaya, kifi suna rasa iska, cikin 'yan awoyi sai ka ga fararen ciki sun taso. Kawu A-wang wata goma yana kiwon nasa, saura mako biyu a kwashe. Yana da janareto a bakin tafki a kan wani dandamali, amma man cikinsa kaɗan ne. Sauran yana gida, jarkoki huɗu da ya saya ranar Lahadi kafin ƙarin kuɗi.

Wajen ƙarfe tara na safe ruwa ya kai gwiwa a babban titi, a kwari kuwa ya kai ƙugu. Ya jawo kwalekwalensa na bututun roba, irin wanda ake shiga tafki da shi, ya ɗora jarkokin, ya tayar da ɗan injin. Hanyar tafki ta gaban gidan Baba Yeh take bi.

Chun-hung yana saman rufin gidansu a tsallaken titi, yana ɗaukar bidiyon ruwan a waya. Bidiyon daƙiƙa goma sha tara ne. Ana ganin kwalekwale da jarkoki huɗu shuɗɗa. Ana ganin Goggo Kim-ki a tagar bene tana kaɗa tawul, bakinta a buɗe. Kawu ya ɗaga mata hannu, ya faɗi wani abu, ya wuce. Ba a jin komai sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Chun-hung ya saka shi a zaure ya rubuta a ƙasa: "Duniya tana nitsewa, Kawu ya ceci abin ƙaunarsa. An ƙara wa mai kuɗi ai!"

Mutane suka yi ta dariya. Muna zaune a saman gidajenmu a tsorace, abin dariya muke nema. Ni ma na danna fuskar nan mai dariya da hawaye. Har yau tana nan a wayata, na ajiye hoton shafin, ban san dalili ba.

Ƙarfe goma saura ashirin teku ta cika, bangon magudana ya fashe ta bayan makaranta. Ba hawa ruwan ya yi ba, shigowa ya yi. Ina kallo ta taga ya haɗiye teburana ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga tukunyar gas ya tafi da ita. Cikin minti ashirin ya kai saman ƙofa. Zaure ya cika da ihu. Wannan ya ce uwarsa tana ƙasa, wancan ya ce lambar agaji ba ta shiga, wata ta turo muryarta tana kuka ba a gane abin da take faɗa.

Kawu A-wang yana zuba jarka ta biyu a janareto ya ga ruwan ya canza launi. Ya watsar da sauran ya juyo. Ruwan yana turo shi baya, ɗan injin nan yana ta ƙugi, tafiyar minti goma ta ɗauke shi fiye da rabin awa. Da ya iso, ƙasan gidan Baba Yeh ya cika har kusa da rufi. Ya shiga ta tagar bene, ya bi matakala ya nutsa. Karo na farko bai sami tsohon ba. Karo na biyu ya kamo rigarsa. Ya hau da shi sama ya danna ƙirjinsa har hannuwansa suka gaji. Goggo Kim-ki ce ta riƙe masa hannu ta ce ya bari.

Ya ce ta zo ya fitar da ita, ta ce ba inda za ta je ta bar shi. Sai ya rufe tsohon da bargo ya koma kwalekwale.

Daga nan har ƙarfe uku na yamma da jiragen ruwan sojoji suka iso, shi kaɗai ne ke yawo a kan ruwan unguwarmu. Mutum goma sha bakwai ya kwasa zuwa benen ɗakin ibada, har da mace mai ciki da wani da ke kan keken guragu. Ni ce ta goma sha ɗaya. Da na diro daga taga na zauna a kan bututun, na ga jikinsa yana rawa, na zaci sanyi ne. Na so in ɗan sa shi dariya.

Na ce, "Kawu, ka ga bidiyonka kuwa? Yau ka zama tauraro, kai da jarkokinka."

Ya dube ni.  Ya juya kan kwalekwalen muka tafi. Sai da na hau benen ɗakin ibada na ji mata suna raɗa cewa Baba Yeh ya rasu.

Shi kaɗai ya mutu a ƙauyenmu. Kifin Kawu kuwa ko amfanin man ba su ci ba. Ruwa ya shanye janareton kafin sha ɗaya, tafkunan suka haɗe da titi, kifin suka bazu. Kwana uku mutane suna kama su da kwando a bakin makaranta.

Ban san wanda ya fitar da bidiyon daga zaure ba. Na yi zargin mutum biyu ko uku, amma ba ni da shaida. Washegari da rana ɗiyar ƙanwata ta turo min shi daga wani babban shafi, an canza rubutun ƙasa: "Ya zaɓi dizal, ya bar tsohuwa tana kuka, mijinta ya nitse." Mutum dubu arba'in sun riga sun gani. Kafin yamma sun ninka.

Na zauna a kan matakala, ƙafata cikin laka, ina karanta abin da ake rubutawa. Wani ya ce a ɗaure shi. Wani ya ce a ɗura masa man ya sha. Wata ta ce ta kalli bidiyon sau goma, ta ga yana murmushi. Daga nan maganar ta bar kansa ta hau kanmu duka. Aka ce mu masu tafki mu muka zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa har ƙasar ta nitse, yanzu kuma muna so a tausaya mana. Aka ce wa ya aike mu zama a inda teku ta fi mu tsawo. Wasu suka ce laifin jam'iyyar da muka zaɓa ne, wasu suka ce a'a, na wadda ta gabace ta ne, suka kama zagin juna har suka manta da tsohon da ya mutu. Akwai wanda ya rubuta doguwar magana cewa in da mai yana da araha da mutumin bai damu da jarkokinsa ba, don haka a rage farashi. Mutum dubu biyu suka yaba masa.

Waɗannan ba su san shi ba, na iya haɗiye nasu. Na cikin zaurenmu ne suka ƙona min rai. Mutanen da suka yi dariya jiya suka fara goge dariyarsu. Wata da ke zaune a birni ta rubuta, "Ni dama na daɗe da sanin mutumin nan kuɗi ne ubangidansa." Wani da Kawu ya fitar da surukarsa da hannunsa ya ce, "To gaskiya dai, da ya tsaya minti biyar." Ni ce mai zauren, ina da ikon goge bidiyon tun ranar farko. Na tsaya ina tunanin kada a ce na ɓoye wani abu. Da na goge shi, babu sauran amfani.

Rana ta uku wani ya saka cikakken sunansa da lambar wayarsa. Aka gano inda Pei-chun take aiki, aka riƙa kiran wurin. Wata motar 'yan jarida ta zo ta tsaya a ƙofar gidansa, suka ɗauki hoton kwalekwalen suka tafi.

Sai na kasa haƙuri. Na zauna na rubuta sunayen mutum goma sha bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, da nawa a ciki. Na faɗi yadda yake goya Baba Yeh zuwa asibiti, na faɗi cewa lokacin da ya wuce ruwa gwiwa ne kawai, ba wanda ya san bango zai fashe. Na saka a zaure, na saka a babban shafin. Wasu kaɗan suka ce sun gode da jin ɗaya ɓangaren. Mafi yawa suka ce nawa aka biya ni, ko kuma ni farkarsa ce.

Da safe ina kwashe laka daga shago da shebur sai ga shi. Ya rame cikin kwana huɗu, bakinsa fari, ko goron bai tauna ba. Ya karɓi shebur ɗin daga hannuna ya fara kwasa.

Ya ce, "Li-chu, ki cire abin da kika rubuta."

"Don me, Kawu? Ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ƙarya ba. Ki dai cire."

"Suna cewa ka ji Goggo tana kiranka ka ƙi tsayawa. Ai ba ka ji abin da take cewa ba, ruwa yana dukan kwano. Ka faɗa musu mana!"

Ya tsaya da kwasar, ya dafa shebur.

"Ban ji ba. Amma me za ta ce min, Li-chu? Wa ya fi ni sanin inda gadon Baba Yeh yake? Na dubi dakalin ƙofarsu, na ga saura taki guda ruwa ya hau. Na ce a raina, in je in zuba mai in dawo, rabin awa. Na ɗaga mata hannu na ce ina zuwa. Kifi nake tunani. Ba wanda ya yi min sharri, kifi nake tunani."

"Kowa ma abin da zai yi ke nan."

"Ba kowa ne ya wuce ta wurin da kwalekwale ba. Ni ne."

Na ce, "To mutum goma sha bakwai fa? Ni fa?"

"Ku daban, shi daban. Ba a cire wannan daga wancan."

Ya ci gaba da kwasar laka har rana ta take. Na dafa ruwa a ɗan murhun da aka raba mana na jiƙa taliya, ya ci rabi ya ajiye. Da yamma na cire rubutun.

Ranar jana'iza ya zo da baƙar riga, ya tsaya can bakin rumfa. Da lokacin kunna turare ya yi ya matso ya durƙusa gaban hoton mamacin. Ɗan Baba Yeh ya taso, idanunsa jajur.

"Malam, wa ya gayyace ka? Tashi ka fita. Ka je ka yi wa jarkokinka gaisuwa."

Kawu bai ɗago ba. Ya sunkuyar da goshinsa ƙasa sau uku, ya miƙe da ƙyar, ya fita. Goggo Kim-ki tana zaune a gefe cikin kayan makoki, ba ta dube shi ba, ba ta kuma hana ɗanta ba. Bayan kwana biyu ɗan ya tafi da ita Kaohsiung, aka kulle gidan da lakarsa a ciki.

Lahadin da ta biyo aka sanar da ƙarin kuɗin mai, mafi girma a shekarar. Wannan makon kuma aka kama wani mawaƙi da matar wani. Babban shafin ya juya can gaba ɗaya. A zaurenmu ma maganar ta koma kan kuɗin tallafi, da wanda aka ba firji da wanda aka tsallake, da dalilin da ya sa lita take tashi da gudu ta sauko da rarrafe. Wani ma ya manta ya rubuta, "Ina Kawu ne, bai faɗa mana za a ƙara ba?" Ba wanda ya amsa. Sai a lokacin na duba na ga ya fita daga zauren tun ranar jana'iza.

Chun-hung ya je gidansa da kwalbar giya da 'ya'yan itace. Shi ya ba ni labari daga baya, yana kuka kamar yaro, ƙaton mutum. Ya ce ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka mare ni, don girman iyayenka ka mare ni." Kawu ya ɗaga shi ya ce, "Wasa ka yi. Ba kullum muke yi ba?" Ya zuba masa shayi. Chun-hung ya ce da marin aka yi masa da ya fi samun sauƙi.

Kawu bai sake zuba kifi ba. Ya daina zuwa shagona da safe, sai in aika masa da kwano, wani lokaci ya dawo yadda ya tafi. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi a fuska bayan ranar nan. Mutane suna gaishe shi a hanya, sai dai gaisuwar ta gajarce. Kafin sabuwar shekara ya ba masu kafa allunan wutar rana hayar tafkunan, Pei-chun ta zo da mota ta ɗauke shi.

Da bazara na je Kaohsiung duba ido, na ce bari in biya in gaida Goggo Kim-ki. Na same ta a wani ɗan ɗaki a hawa na tara, ta ƙanƙance, tana kallon taga. Muka yi hirar ƙauye, wa ya gyara gida, wa ya tashi. Da na miƙe zan tafi ta kamo bakin rigata.

"Li-chu, A-wang yana nan da rai?"

"Yana Taichung wurin 'yarsa, Goggo."

Sai ta ce, "Da bangon ya fashe ina kan matakala. Na ji ruwan ya banko ƙofa. Tsohon ya kira sunana, sau biyu. Na sauko taki uku, ruwan ya taɓa min ciki, sanyi kamar ƙanƙara. Sai na koma sama. Na ce zan kira mutane. Ina jinsa na koma sama." Ta goge bakinta da hannu. "Ni babu wanda ya ɗauke ni a waya. Ɗana bai sani ba, kada ki faɗa masa ina raye. Amma ki faɗa wa A-wang. Ba na iya ganinsa, in na gan shi kaina nake gani. Ki dai faɗa masa."

Na yi ta ɗaga tafiyar. Aiki, zafi, ciwon gwiwa, kullum da abin da zan ce. Gaskiyar ita ce kunyarsa nake ji. Sai da aka aiko cewa Goggo ta rasu a watan goma sannan na hau mota zuwa Taichung.

Na same shi yana gadin wurin ajiye motoci a ƙasan wani dogon gini, cikin wani ɗan akwatin gilashi. An ba shi riga mai ruwan toka da ta yi masa yawa, ya yi fari saboda rashin rana. Da ya gan ni ya miƙe da sauri har ya buge kujera.

"Ke Li-chu! Wa kika bar wa shago?"

"Na rufe. Su ci a gidajensu yau."

Ya ba ni kujerarsa shi ya zauna a kan bokiti. Ya tambayi gada, ya tambayi ko an ɗaga bangon magudana, ya tambayi Chun-hung. Na faɗa masa rasuwar Goggo. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Sannan na faɗa masa saƙonta, yadda ta faɗa min, ban ƙara ba ban rage ba. A hanya na yi ta zaton in ya ji zai ɗan sami sauƙi.

Ya daɗe yana kallon hular.

Ya ce, "Wayyo Goggo. Shekara guda tana ɗauke da wannan ita kaɗai?"

"Ta ce in faɗa maka ne don ka san ba kai kaɗai ba ne."

"Shekararta saba'in da tara, Li-chu. Ko ta sauka me za ta iya? Da biyu za mu binne." Ya share ido da bayan hannu. "Da na sani da na je na faɗa mata haka, ko ɗanta zai kore ni."

 Muka zauna muna jin ƙarar fanka. Can ya buɗe wata 'yar jaka ya fito da gwaiba biyu da Pei-chun ta sa masa na rana, ya dage sai na tafi da su. Ya ce zai raka ni tashar mota, ba nisa. Mun kai bakin ƙofa ke nan wata baƙar mota ta tsaya a gaban sandar shiga tana danna oda. Ya ce in yi haƙuri, in bi titin nan in karya dama. Ya mayar da hularsa ya koma da ɗan gudunsa ya ɗaga mata sandar.